Ƙurajen Baffa Sali

A gidanmu na Garwa, da an idar da sallar isha'i Kaka takan zauna kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Wata damina sai ta sa aka mayar da wutar zuwa ƙofar ɗakin Baffa Sali, wai a can hayaƙi ba ya shiga mata ido.

Baffa Sali mahauci ne, yayan mahaifina, kuma ɗan farin Kaka, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. A shekarar ne wasu ƙananan ƙuraje masu ruwan ɗorawa suka feso masa a goshi da gefen hanci, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Amma a kasuwa aka fara raɗe-raɗin kuturta ce, mata suka riƙa wuce teburinsa. Ya kulle kansa a ɗaki, ko buta sai an miƙa masa.

Tatsuniyar da Kaka ta riƙa maimaitawa ta wani masunci ce a bakin Binuwai, wanda aka yi wa dariya saboda girman kunnuwansa, ya shige cikin randa ya ɓuya. Matarsa na miƙa masa tuwo ta sama. Gari ya manta da kunnuwan, shi kuwa ya yi ta ƙiba har kafaɗunsa suka kasa wuce bakin randar.

Muka ce ai sai a fasa.

"Ba a fasa ta daga waje, 'ya'yan nan, rauni za a ji masa," in ji Kaka, da ƙarfin muryar da ba ta saba ba. "Shi ne zai yunƙura."

Muna jin tarin Baffa a bayan ƙofa. Bai buɗe ba. Da damina ta wuce ya tafi garin Figil aikin fasa dutse, inda kowa ke naɗe fuska saboda ƙura. Bai sake riƙe wuƙar fawa ba, kuma can ya rasu.

Bara irin ƙurajen suka fito mini. Likita ta duba, ta ce ƙwayoyin da ke fitar da maiƙon fata ne suka ƙara girma, ba cuta ba ce, ba a ɗauka. Na fito na zauna a kan benci, ina tuna Baffa Sali.

Na daɗe ina zaton faɗa Kaka take yi masa a fakaice. Yanzu da nake da nawa ɗan farin, na gane roƙonsa take yi, kuma iya abin da al'ada ta yarje mata ke nan.