Hanyar Ruwa da Muka Toshe

Jama'a, wallahi wannan a gabana ya faru, ba ji na yi ba. Ni magini ne a unguwar Albarika, cikin garin Parakou. Shekarun baya aka ɗauke mu aiki ni da ƙanena Sule can bayan Djougou, mu gina masaukin 'yan yawon buɗe ido a bakin wani kurmi mai tafki. Madam ɗin da ta zana ginin akwai tsantseni: ba siminti, ba saran itace, jar ƙasa da ciyawa kawai, wuta kuma ta sola. Ko gidan tururuwa sai mun kewaye shi. Sai dai akwai wata siririyar hanya daga kurmin zuwa tafki, wadda mutanen ƙauyen da ke kusa ba sa nomawa, ba sa ajiye ko ƙwarya a kanta, mu kuma ba wanda ya tambaye su dalili. Ɗakin ƙarshe a kanta ya hau.

Ranar da muka rufe bangon, rana tsaka, Sule na ciki yana yaɓe, ni ina waje ina kwaɓa ƙasa, sai ga wata tsohuwa da tulu a ka, ƙafafunta jiƙe sharkaf, alhali daga kurmi ta fito, ba daga tafki ba.

Ta ce, "Magini, ta ina zan wuce?"

Na ce, "Inna, ki kewaya ta nan mana."

Ta ce, "Ni ba na kewayawa."

Na sunkuya ɗibar ƙasa, ina ɗagowa babu ita. Sawunta kuwa ya miƙe har jikin bango. Sai na ji kakari daga ciki. Innalillahi! Ga Sule kwance a busasshen daɓe, ruwa na bulbulowa ta hancinsa da bakinsa, har da gansakuka, kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Na jijjiga shi, na kira sunansa, ina! Tsoro ya kama ni, ban san wa ya ba ni dabara ba, na ɗau diga na fasa bangon gaba da baya. Haske na ratsawa Sule ya ja numfashi.

Madam ta zo tana ta "C'est pas possible" da Faransanci, wai ba zai yiwu ba, amma ta sake zanen, aka raba ɗakin biyu da lungu a tsakiya. Yanzu baƙi yabawa suke, wai dabarar shan iska ce. Sule kuwa har gobe in zai shaƙi ruwan alwala sai ya daɗe yana kallonsa a tafinsa.

In kun sauka can, don Allah kada ku bar ko takalmi a lungun nan. Ko tsakiyar rani ƙasarsa ba ta bushewa.