Ranar da Kaka Ta Durƙusa wa Ƙanwarta

Har yau in na ji ƙamshin zoɓo yana tafasa, sai in ga Kaka, mahaifiyar babanmu, a gaban murhu da safiyar Lahadi. Ita ke dafa zoɓon da ake zubawa a ƙananan kofuna don Jibin Ubangiji a cocinmu na Sabon Gari. Abin mamaki, ita ba ta sha. In tire ya iso gabanta sai ta sunkuyar da kai, ta miƙa wa na kusa. Ni da bakina ba ya shiru, na taɓa tambayarta ko sukari ne ya yi mata yawa. Ranƙwashi na samu.

Wata Lahadi cikin damina, fasto ya yi wa'azi a kan mutumin da ya kawo baiko, wato hadaya, gaban Allah alhali ɗan'uwansa na riƙe da shi a zuci. Ya ce ya ajiye, ya je su shirya tukuna. Kaka ta sha jin wannan, amma ran nan maganar ta shige ta. Ba a ko tashi ba ta fizge ni. "Zo ki raka ni. Ruhun Allah ya hana ni zama."

Muka hau bas zuwa Ƙofar Wambai, daga nan sai ƙafa. An ɗauke ruwa ke nan. Katangun ƙasa suna ta ƙamshi, indararo na ɗiga, lunguna na shiga cikin juna har na daina sanin gabas. Ji nake kamar a mafarki muke tafiya, Goron Dutse na gabanmu amma ya ƙi matsowa. A hanya ta gaya mini tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta musulunta ta yi aure a cikin gari. Ni da duk wayona ban taɓa jin labarinta ba!

Mun same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, tsohuwa mai fuskar Kaka sak. Kaka ba ta jira tabarma ba, ta zube gwiwa biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Abin ya ɗaure mini kai, don iya sanina ƙarami ke durƙusa wa babba.

"Subhanallahi! Yaya, tashi, kada ki ɗora mini nauyi."

"Ba zan tashi ba. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, na ce wa dangi na aiko miki kin ƙi zuwa. Ƙarya na yi, ban aiko kowa ba. Haushin barinmu da kika yi ne ya ci ni. Kullum ina roƙon Ubangiji gafara, kullum zuciyata na cewa sai na zo nan. Shi ya sa ko zoɓon Jibi ba na iya sha."

Ƙanwar ta ajiye faifai. Ta tambaya a hankali, "Inna ta ambace ni?"

Na ga leɓen Kaka yana motsi. Da ta ce a'a, da abin ya zo mata da sauƙi.

"Sunanki take kira har ta cika."

Kukan da tsohuwar nan ta yi, ban taɓa jin irinsa ba, ni ma na taya ta ban san dalili ba. Ba ta ce ta yafe ba a ranar. Ta dai ɗago Kaka, ta share mata taɓon gwiwa da gefen zaninta, ta ce a zubo mana abinci. Yafiyar daga baya ta zo, kaɗan-kaɗan.

Yanzu katangun nan sun zama siminti, rasuwa kuma a waya ake ganinta kafin gawa ta huce. Har ban haƙuri ma a waya muke turawa, ba gwiwar da ke taɓa ƙasa. Amma da Kaka ta kwanta nata ciwon, ta hana a buga waya. Ni ta kalla ta ce, "Tashi ki je da ƙafarki, ki ce wa ƙanwata ina kira."

Na je. Ko mayafi ƙanwar ba ta tsaya gyarawa ba. A cinyarta Kaka ta cika.