Tumun da Mai Shari'a Bai Ci Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsakiyar gona da safen nan, wuƙa a hannuna, aka bugo mini waya: Mai Shari'a Alhaji Sule ya rasu.

Sai na nemi kan kunya na zauna.

Ku kun san shi alƙalin Babbar Kotu. Ni Sule na sani, wanda muka tashi tare a ƙauyenmu bayan Gezawa, wanda har ya tsufa bai iya gasa tumu ba sai ya ƙona. Duk shekara in gero ya fara nuna, nakan yanko kawunan farko in kai masa birni. Ya tuɓe babbar riga, mu gasa, mu murza, yana ci yana tsokanata wai gerona ya fi ni ƙiba.

Da Innata ta kwanta asibiti, da kansa yake kai mata kunu kafin ya wuce kotu.

Sai shekarar da wani jigo a jam'iyya mai mulki ya turo masu awo suka kafa duwatsu a gonakinmu, wai za a yanka filaye. Har da gonar da na gada. Muka kai ƙara. Da muka ji shari'ar ta faɗo gaban Sule, har guɗa aka yi a garin.

A zaman farko ya dubi lauyoyi ya ce, "Tun ina yaro nake cin tumun ɗaya daga cikin gonakin nan. A kai wa wani alƙali."

Wallahi raina ya ɓaci. Da kaka ta yi na kai masa tumu kamar kullum, ya tare ni a zaure, ya ce, "Bala, riƙe mini tukuna. Ofishin alƙalinku yana jikin nawa."

Mutanen gari suka ce jam'iyya ta saye shi. 'Yan jam'iyya kuma suka kai ƙorafinsa hukumar da ke ladabtar da alƙalai, wai shi ke zuga mu. Ya sa hularsa ya je ya amsa. Na tambaye shi ko bai ji zafi ba, ya ce, "Yini nake ina yi wa mutane tambayoyi. Ni wane ne da ba za a tambaye ni ba?"

Ba a same shi da komai ba.

Shari'a ta ja, muka ci. 'Yan jam'iyyar suka ɗaukaka ƙara suna laluben hannun Sule a ciki, ba su samu inda za su kama ba. Bana aka tumɓuke duwatsun.

Ganinmu na ƙarshe da tsakiyar damina ne, yana kwance, ya rame. Ya kama hannuna ya ce, "To malam mai gona, ina tumuna? Yanzu ya halatta."

Na ce masa gero bai nuna ba, ya ɗan ƙara haƙuri.

Shi nake yankowa yau da wayar ta shigo. Ga shi nan a buhu.

Allah Ya jiƙan Sule, Ya sauƙaƙa masa tasa tambayar, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.