Tayar da ke ƙarƙashin turmi

Shekarun baya, lokacin da babban ɗana yake karatun digiri na uku a Manchester, na je na zauna wurinsa a Rusholme. Ƙanwarsa kuma tana aure a Birmingham, unguwar Perry Barr, da tsohon ciki. Haihuwar ta zo kafin lokacin da aka ɗiba. Mace ce. Mijin ya bugo waya ya ce ranar Lahadi da safe za a raɗa suna, kuma sunana za a sa. Jikoki na yi su da dama, amma ba a taɓa yi mini takwara ba sai a kan wannan.

Da yake uwar mijin tana can tana kula da mai jego, sai na ce ni zan tsaya in haɗa kaya. Ba a haifi wanda zai ce na je sunan takwarata hannu na dukan cinya ba. Dambun nama, dubulan, garin kunun kanwa, yajin jego. Dakan yajin a gidan maƙwabciyarmu na yi shi, wata 'yar Jos, Kirista, ma'aikaciyar jinya, mai ladabi ƙwarai. Suna hawa na biyu, kuma Baturen da ke ƙasansu ya taɓa kai ƙararsu council, hukumar gari, saboda ƙarar daka. Sai ta kwantar da tayar tsohuwar motar mijinta a kicin, ta ɗora katako, ta ɗora turminta a kai. Kina daka, tayar na shanye ƙarar.

Ranar Asabar da la'asar ɗana ya shigo fuska a ɗaure. Ya gogi dakalin gefen titi, tayar gaba ta yage ta gefe, ba ta facuwa. Motar kuma irin ta zamani ce, ba safaya, sai wani ɗan famfo.

"Hajiya, na zaga gareji uku, size ɗin babu sai Litinin. In sa ki a coach da sassafe, kayan na kawo daga baya."

Na ce, "In sauka a bas da 'yar jaka kamar mai zuwa ganin likita? Ba ni ba."

Mijin maƙwabciyar ya ji mu daga tsakar bene. Ya ce, "Mama, kwantar da hankalinki, akwai tayar tsohuwar motata a sito, da sauran ƙwarinta." Muka ɗauka muka nufi garejin wani ɗan Pakistan da ke bayan babban titi, ana shirin rufewa. Na bi su, don na san in na bar maza su kaɗai za su dawo mini da haƙuri.

Mai garejin ya duba rubutun da ke jikin tayar, ya duba na motar, ya girgiza kai. Ɗana ya ce, "Wai za ta hau rim ɗin, amma ba girmansu ɗaya da ta ɗaya gefen ba. A ƙasar nan biyun gaba dole su zama girma ɗaya, biyun baya ma haka. In ba haka ba mota ba ta cin MOT, gwajin da ake yi mata duk shekara, kuma 'yan sanda na iya tare mu."

Raina ya ɓaci. Marigayi maigidana akori-kura ya tuƙa tsakanin Kano da Haɗeja har ya tsufa, kuma ban taɓa ganin tayoyinsa huɗu sun zama 'yan ɗaki ɗaya ba. Abin da mai faci ya miƙo, in ya hau, shi ke nan. Na ce, "Gaya masa ni matar direba ce. Gaya masa ubanka ya ciyar da ku da tayoyi kowace da garinsu, ba wanda ya mutu." Ɗana ya juya ya yi Turancin da bai fi kalma biyar ba.

"Duk maganata ke nan?"

"Na taƙaita, Hajiya."

"Ka ji tsoron Allah."

Mutumin ya yi dariya, ya ce, "Anti," ya yafito ni. Ya tsayar da tayoyin biyu kafaɗa da kafaɗa. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Ya turo su tare a kan siminti, sai ga ɗaya tana ɗan wuce ɗaya. Ya kwatanta taka birki da ƙafa, ya karkata jikinsa gefe.

Ina kallo sai na ga gonar mahaifina. Shanun huɗa gare shi, kuma bai taɓa haɗa babban sa da ƙarami a karkiya ɗaya ba, ya ce kunyar sai ta karkace. Amma garma biyu yake da su, ta manya daban, ta ƙanana daban. Na ce wa ɗana, "Tambaye shi, na gaba da na baya fa, su ma dole sai sun yi daidai?" Mai garejin ya ce a irin wannan motar doka ba ta hana ba. Zai iya mai da ta baya ɗaya gaba, ya sa na aro biyu a baya, in biyu ne. Amma ɗaya muka kawo.

Na ce, "Ka ce masa tagwaye ne. 'Yar uwarta na ƙarƙashin turmi."

Maƙwabciyata da ta ji, ta kama haɓa. "Mama, ni da me zan yi daka? Baturen nan zai cinye ni ɗanya."

"Ki ɗiba masa yajin ya ɗanɗana, zai zo ya taya ki."

Ita da kanta ta mirgino ta har bakin mota. Mai garejin ya juya ta ciki da waje, ya auna zanenta, ya duba shekarunta, yana ta atishawa don duk ta sha barkono da citta. Ya ce lafiyarta ƙalau, amma in mun dawo a sa wa motar nata na asali.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Hazo ya kwanta a kan filaye, kore shar ta ko'ina, tumaki tsaye a ciki kamar an ajiye su an manta. Motar ba ta ja hagu, ba ta ja dama, tafiya take sumul kamar kwalekwale. Ƙamshin dambu ya cika ciki. Na jingina kai da gilashi, ban san ko barci na yi ba. Na ga kaina amarya a gaban akori-kura, maigidana na riƙe da sitiyari da hannu biyu, jijiyoyin hannunsa a tashe. Da, na ɗauka ƙarfi yake nuna mini. Sai a hanyar nan na gane kokawa yake yi da mota, kullum tana ja gefe yana dawo da ita, shekara da shekaru, bai taɓa faɗa ba. Na dubi ɗana, yatsu biyu ya ɗora a sitiyari yana bin karatun da ke rediyo.

Har yau ban ce dokar Turawa ta fi ta mai faci hankali a komai ba. Amma a wannan na sallama, ko da yake ban faɗa wa ɗana ba.

Mun isa Perry Barr maza sun fara zama a falo. Aka yi ta shiga da kwanuka, uwar mijin na tsaye tana kallo, ni kuwa na gyara mayafi. Aka miƙo mini jaririyar a ɗakin mai jego. A gida mata ba sa jin raɗin suna, a ƙofar gida ake yi sai maroƙi ya shigo da labari. Amma gidajen can bangonsu kamar kwali ne. Na ji liman ya yi gyaran murya, ya yi addu'a, ya faɗi sunan. Tun ina ƙarama nake amsa shi, a bakin uwa, a bakin miji, a bakin masu sayen ƙosaina. Ban taɓa jin sa sabo ba sai ranar.