Ruwan da Na Zuba a Humrar Amarya

Jiya wata mata ta shigo keke napep ɗin da nake ciki a hanyar Yerwa, ƙamshin humra na tashi daga lafayarta. Tun daga nan na rasa sukuni, har na sauka ban kai inda za ni ba.

Kakarmu ta wajen uba ce mai haɗa humra a layinmu na Lamisula. Bakanuwa ce, a hannun Barebari ta koya, har ta zo ta fi su, in ji ta. In ba ka san humra ba, turaren amare ne da ake haɗawa da farce da sandal da miski, a toshe kwalba, a tura ƙarƙashin gado ta yi makonni tana jiƙa. Ko ɗigon ruwa ba a yarda ya shiga ba.

Ina shekara tara ƙanin babanmu ya yi aure. Inna muke ce wa matarsa, mai kunya ce, ba ta da hayaniya. A bazarar nan Kaka ta ba ta haɗin humrar wata 'yar maƙwabta don ta gwada hannunta. Na ga yadda ta yi aikin, a tsanake, bakinta na motsi da addu'a.

Wata rana da azahar, zafi ya kori kowa gindin dalbejiya, na lallaɓa ɗakin Kaka, inda kwalbar take. Shafawa kawai na so in yi a bayan kunne. Kwalbar ta suɓuce, wajen rubu'i ya tafi a tabarma. Na ɗebo ruwan randa na cike gurbin, na toshe, na juya tabarmar. A ɗakin Kaka ko bango ƙamshi yake, wa zai gane?

Ranar da aka buɗe a gaban dangin amarya, humrar ta yi dishi-dishi, tana tsami. Kaka ta shinshina, ta dubi Inna.

"Hannu ne," ta ce. "Akwai hannun da turare ba ya karɓa."

Ba faɗa, ba zagi, ko kuka Inna ba ta yi ba. Shi ya sa na ɗauki abin ƙarami. Amma daga ranar ba a sake barin ta kusa da kwalba ba. Sauran matan gidan sun koya, da sana'ar suka aurar da 'ya'yansu. Ita wanke-wanke aka bar mata.

Da na girma na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce alƙalami bai hau kaina ba a lokacin, in yi istigfari in manta. Ɗayan ya ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. To, ruwan na yarinya ce. Shirun shekara talatin fa, na wa?

Watan jiya na je Umarari, inda Inna take jinya a gidan ɗanta, da niyyar in faɗa. Na kai mata turaren wuta. Da aka kawo kasko sai ta janye hannu.

"Ke zuba, 'yata. Kin san nawa hannun."

Maganar ta zo min har baki. Kafin in buɗe shi ta riga ni, irin ta tsofaffi, wai in yafe mata in ta taɓa ɓata min. Na ce ni ce mai neman gafara.

"Me kika taɓa yi min? Na yafe miki duniya da lahira."

Yanzu humra a shago ake saye, ba mai tambayar hannun wa. Kaka ta rasu da hukuncinta, wadda zan gyara wa zance ɗaya ta rage, jikin nata kuma kullum baya yake yi. Yafiya dai na samu, na taho da ita gida. Sai dai Inna ba ta san abin da ta yafe ba, ni kuwa na sani.