Ranar da Ba a Ƙirga 'Yar Fari Ba

Na haifa, na rena, na binne, kuma ban taɓa faɗa wa kowa adadin 'ya'yana ba. A gidanmu ba a ƙirga yara. Kakanninmu sun taso daga yamma za su hajji, ƙafa ta tsaya musu a Gadarif, suka yi gona suka zauna. Kayan da suka zo da shi ya ƙare tuntuni, sai kunya ce ta saura, ita kuwa na riƙe ta da hannu biyu. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta cewa nata ne a gaban manya. Idan an yaye shi, kaka ce ke ɗauka.

Matar ɗana ba ta san wannan ba. Bahaushiya ce, amma a Jazira ta girma cikin Larabawa, ta yi makaranta har ta iya karanta takardar magani. Da ta haifi 'yarta ta fari na je wankan jego, na same ta tana yi wa jaririya rawa tana kiran sunanta, ga surukinta zaune a tsakar gida.

Na ce, "Ke, a kasuwa kika sayo ta ne kike shela?"

Sau ɗaya na faɗa. Daga ranar ba ta ƙara ba, sai dai ta ce "waccan" ko "'yar Hajja". Na ji daɗi, na ce a raina yarinyar nan tana jin magana. Da aka yaye jikata na ɗauko ta na kawo Gadarif. Ni ke yi mata kitso, gadona ne gadonta. Ina ce mata ƙawata, tana ce mini Habboba kamar yadda yaran unguwa ke kiran kakanninsu.

Tana da shekara tara yaƙi ya koro mutanen Jazira. Ɗana ya iso da matarsa da ƙananan yara uku a bayan motar dawa, ba su da komai sai tufafin jikinsu da tukunya ɗaya. Na ba su ɗakin gabas. Shi bai yi mako biyu ba ya bi masu ɗaukar leburori zuwa gonakin Ƙala'at an-Nahal.

Bayan wani lokaci aka ce hukuma za ta rubuta gidajen da ke renon yara. Kowace uwa za a ba ta kati da sunayen 'ya'yanta, da shi za a duba yaro a asibiti a ba shi magani, a kuma riƙa ba ƙanana garin kunu. Ban so abin ba. Mu da takardun hukuma ba mu taɓa rabuwa lafiya ba, kullum sai an tambaye ka ina aka haifi kakan kakanka. Amma ga yara uku sun zo a rame, sai na haƙura.

Da hantsi mai rubutun ta zo, wata budurwa mai tabarau, tare da wani dattijo na lajana, wato kwamitin unguwa. Na shimfiɗa musu a rumfa, na sa ƙawata ta wanke kofunan gahawa. Budurwar ta buɗe littafinta ta dubi surukata.

"'Ya'yanki nawa?"

Surukata ba ta dube ta ba, ni ta duba. Na san abin da take tambayata da ido. Ni kuwa ga namiji baƙo a zaune, sai na ɗaure fuska irin yadda na saba.

Ta ce, "Uku."

Aka rubuta su ɗaya bayan ɗaya. Sai budurwar ta nuna ƙawata da bakin alƙalami. "Wannan fa?"

Na ce, "Tawa ce."

Ta yi dariya. "Ya Hajja, ashe har yanzu da sauranki."

Dattijon ma ya dara. Ni ban yi ba.

Ta ce, "Marainiya ce? Masu riƙon marayu suna da tasu takardar."

"Allah ya kiyaye. Iyayenta suna raye."

"To a katin uwarta za a sa ta. Ina uwar?"

Uwar tana zaune, gwiwarta har tana taɓa tawa. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Na ce, "Uwarta tana nan lafiya."

Ni a wurina na ba da amsa. Duk Bahaushiya da ta ji haka za ta gane. Budurwar ta ɗauka uwar tana wani gari. Ta ce ba komai, can za a rubuta ta, ta rufe littafi, ta shanye gahawarta. Ƙawata ce ma ta raka su bakin ƙofa.

Da suka tafi surukata ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Hajja, ba a sa waccan ba."

Na ce, "Ubanta zai gyara in ya dawo. Wannan maganar maza ce."

Ya dawo na kwana biyu kafin yankan riɗi, ya je wurin masu rubutun, aka ce masa an rufe, sai wani zagaye. Ya koma gona. Na ce ai ba takarda ce ta rene ta shekara tara ba.

Zazzaɓin ƙawata ya fara kamar wasa. Yau ta kwanta, gobe ta tashi ta share tsakar gida. Na jiƙa mata bagaruwa, na yi mata turare, na dafa mata ganyen darbejiya. Surukata ta ce a kai ta asibiti. Na ce ba ta cikin kati, komai da za a yi mata sai an biya, mu jira aiken ubanta. Gaskiyar ita ce ban so in tsaya a gaban wani taga a sake yi mini tambayar nan ba. Mako ya bi mako. Ina yi mata wanka wata rana na ga haƙarƙarinta a waje, ciki kuwa ya kumbura ya yi tauri ta gefen hagu. Na san ciwon. Na ga yadda yake yi wa yaran masu aikin gona.

Muka sa ta a raksha, babur mai ƙafa uku, kanta a cinyata. A asibitin layi ne har waje. Da muka kai ga tagar, mai karɓar kati ya juya shi gaba da baya, ya ce yara uku ne a nan, wacce ce marar lafiyar?

Ina shirin magana surukata ta riga ni.

"'Yata ce. Ni na haife ta, ita ce ta fari."

Sai ta faɗi sunan. Ta faɗe shi, ta sake faɗa, a gaban maza da mata, tana kallon fuskata. Ƙawata ta ɗago kai daga kafaɗata tana neman inda muryar ta fito. Tun tana cikin zanen goyo ba ta ji sunanta a bakin nan ba.

Ba su kore mu ba. Likitar ta taɓa cikin sau ɗaya ta ce a ba ta gado, kala'azar ne, maganinsa kuma ba a sayarwa, kyauta ne ga kowa, da kati ko babu. Sannan ta juyo ta ce, "Wa ya riƙe ta a gida har ta kai haka?"

Surukata ba ta nuna ni ba. Ni ma ban ce ni ce ba.

Kullum allura, har na daina lissafin kwanaki. Uwar ce ke riƙe ta in za a yi mata, uwar take kira in ta ji zafi. Ni ina kawo kunu in zauna a bakin gado kamar 'yar dubiya. Allah ya tashi kafaɗarta, amma makarantar shekarar ta wuce ta, har yau kuma ba ta mayar da jikinta ba.

Da aka buɗe sabon zagaye surukata ta tafi ita kaɗai, ba ta nemi izinina ba. Ta dawo da kati mai suna huɗu. An gaya mata duk yaron da ke kati, inda uwarsa take nan za a riƙa duba shi. Ba a jima ba ɗana ya samu aikin lodi a tashar Showak, ya kama ɗaki. Ranar tafiya na ga surukata ta shiga ɗakina tana haɗa kayan yarinyar. Ɗana ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.

"Inna, saboda katin ne."

Na ce, "Na sani."

Da ina da baki da na ce riƙo ba a warware shi haka, sai an zauna da manya. Amma da wane ido? Ni na naɗe mata zannuwanta, na sa mata mataji da ɗan man kitso.

Wani lokaci maƙwabciyata tana kawo mini waya mu gaisa. Ƙawata takan ce, "Habboba, yaushe za ki zo? Kitson Mama ba ya kwana uku." Sai in ji uwar daga nesa tana kiranta da suna ta zo ta ɗauki ƙaninta, ita kuma ta amsa da sauri ta ajiye ni.

Ina yawan zama a rumfar nan inda aka yi rubutun. Ba sai na kira suna ba a ranar, ba sai na karya komai ba. Ni kaka ce, kunyar ba tawa ba ce. Da na nuna surukata da haɓa na ce ga uwar nan, da shi ke nan.