Likkafanin da Na Kai wa Habibu

Talata: Misfala zuwa Jidda

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito da jakata tsakar gidanmu a Misfala, unguwarmu a Makka, sanye da rigar sanyin da na sayo a gwanjon Kudai, wadda ta yi mini yawa. Masu yawo da maganar wai Isiyaku ya tafi Turai shan iska, su ji da kyau: keke na je turawa. Shekara ashirin da biyu ina tura keken marasa ƙafa a Harami, shekara shida kuma ina tura na mutum ɗaya, Ammu Bakur, kafilina, wanda igamata, wato takardar zamana a ƙasar, take hannunsa. Kakansa Bakano ne amma shi ɗan ƙasa ne, Hausar da ta rage masa ta zagi ce da ta neman abinci. Likitoci suka ce a kai shi Ostiriya, wani gari Insburuk, a duba ƙugunsa. Shi kuma ya ce ba mai ɗaga shi sai ni. Ɗansa Majid ya yi wata biyu yana zirga-zirga kafin a buga mini biza.

Inna ta riga ni tashi. Na tarar da ita bakin gado da ƙunshi a cinya. Tun ranar da ta ji sunan garin ta daina barci sosai, don can ƙanena Habibu yake. Ta miƙo mini ƙunshin, ina taɓawa na san farin yadi ne na likkafani.

"Ka ce masa bandir ɗaya na saya," in ji ta. "Na tsoma shi a zamzam da hannuna, na shanya, na yanka uku. Nawa, naka, nasa. Duk ƙasar da ta karɓi kowa, tufarmu ɗaya."

Ta sa na maimaita sau biyu kamar ƙaramin yaro.

Bari in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba, don tafiyar ba za ta fahimtu ba sai da shi. Ɗaki ɗaya aka haife mu ni da Habibu. Ni na sami igama, shi bai samu ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan aka kama shi a Kudai aka yi masa tarhil, wato aka kore shi zuwa Nijar, ƙasar da a bakin Inna kawai ya san ta. Daga can hamada, sai teku, sai Turai. An ɗauki zanen yatsunsa lokacin tarhil, ba ya dawowa Makka. Kowace Juma'a yakan kira Inna ta wayata, don ita ba ta da waya, idonta kuma ya yi rauni. Shekara huɗu da suka wuce ya aiko mini hotonsa da jar hula, yana dariya gaban wata bishiya mai fitilu. Ranar bayana kamar zai tsage, Inna kuma ta wuni tana yabon Habibu, ni da nake wanke mata fo ko sannu. Na kira shi na ce Inna ta ga hoton, ta ce ba ta da ɗa a bikin Kirista, kada ya ƙara kira. Inna ba ta ga hoton ba. Ita kuma na ce mata lambarsa ta daina shiga.

Motar Majid ta ɗauke ni biyar saura kwata. Muka yi asuba a wani masallacin gidan mai, muka wuce shingen Shumaisi shida da minti goma, ba wanda ya dube mu. Ni na dubi ginin da ake tsare marasa takarda. Wajen kilomita casa'in ne zuwa filin jirgin Jidda.

Jidda zuwa Munik

Jirgi ya tashi tara da ashirin. Awa huɗu zuwa Istanbul, zaman awa biyu, sai wani jirgin na kusan awa uku. Abincin ciki shinkafa ce da kaza wadda ba ta san yaji ba. Ammu ya ci nasa ya ci rabin nawa.

A Munik ma'aikacin kwastan ya zaɓi jakata cikin jakunkuna shida. Ban yi mamaki ba, ko a gida ni ake zaɓa. Ya warware yadin a kan tebur yana tambaya, Majid ya ce masa zanen gado ne. Ammu, wanda Ishak yake kirana, ya ɗago daga kekensa ya ƙura wa yadin ido.

"Ya Ishak, binne ni ka zo yi, ɗan banza?"

Na ce ba nasa ba ne, nasa sai ya fi wannan faɗi. Ya yi dariya har da tari. A mota ya matsa sai na faɗi mai shi, na ce saƙon Inna ne zuwa ga ƙanena. Sauran na haɗiye.

Direban da ya ɗauke mu Baturke ne. Da ya ji daga Makka muke sai ya kashe rediyo, ya roƙi addu'a. Awa biyu da rabi muna hawa cikin duwatsu, ba na ganin komai sai farin abu a gefen titi. Takwas da rabi muka sauka.

Laraba: Insburuk

Masaukinmu ɗaki biyu ne da kicin kusa da kogi, ni kan doguwar kujerar falo. Da safe na ja labule na tsaya. Mu ma mutanen duwatsu ne, amma namu baƙaƙe ne masu zafi. Waɗannan farare, sun tsaya kan garin kamar za su leƙo cikin tukunya. Rana ba ta fito musu ba sai wajen takwas, huɗu da rabi kuma magariba ta yi. Azahar, la'asar da magariba kusan a tabarma ɗaya na yi su.

Mun wuni asibiti. Da yamma Ammu ya ce in fita da shi ya ga gari. Titunan tsohon garin da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su, kowane ɗaya sai ya gaisa da ƙafar keke. Wanda ya saba da marmaran Harami ya san bambanci. Na juya keken ina jan sa da baya, kamar yadda muke yi a gangaren Misfala.

Muka fito wata kasuwa ta rumfunan katako a jere, kowace da fitilu da ganye a goshi. A tsakiya ga bishiyar nan ta hoton Habibu, bayanta wani bene mai rufin zinariya, wasu mutane a sama suna busa ƙaho. Ana sayar da kyandir, safar ulu, ƙwallayen gilas, da ƙananan gumaka na itace: jariri a kwance, tumaki, raƙuma. Raƙuman ba su yi kama ba, wanda ya sassaƙa su bai taɓa ganin raƙumi ya durƙusa ba. Ko'ina ƙamshin kirfa da kanumfari. Ammu ya ce a sayo masa wannan shayin, sai da Majid ya raɗa masa giya ce aka dafa. Ya yi ta a'uziyya yana shaƙa.

Na zo da niyyar raina wurin, sai na ga na san shi. Baƙi daga kowace ƙasa, jagora da tuta a gaba, tsofaffi suna ɓacewa daga ayari, mai rumfa yana murmushi ƙafarsa tana ciwo. Mausimi ne, kamar lokacin aikin hajji a wurinmu. Sati biyar ko shida su tara abin da za su ci har baɗi, kamar masu shayi da ƙanƙara a Arfa. Addininsu nasu ne, ban shiga ba. Amma gajiyar da ke fuskar masu rumfunan tamu ce. Ranar ban ga Habibu ba, kuma ban nema da gaske ba.

Alhamis

Biyar saura muka koma kasuwar, ni da Ammu kawai, ƙunshin a aljihun bayan keke. A wani lungu kusa da hanyar kogi na ji ana cewa "tafaddal", wato bismillah, da muryar gidanmu. Yana tsaye gaban wata ganga mai garwashi, yana juya wata ƙwara mai ɓawo da suke kira maroni, kamar ƙatuwar gurjiya, yuro biyar ɗan ƙunshi. Gemunsa ya yi fari. Ƙanena, da farin gemu.

Ya gan ni, ludayin hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Yaya." Muka rungumi juna kamar waɗanda suka haɗu gidan gaisuwa. Ya durƙusa wa Ammu, ya cika masa hannu da maroni, ya ƙi karɓar kuɗi. Rumfar ta wata tsohuwa ce, shekara bakwai yana yi mata mausimi, sauran shekara yana wanke-wanke a wani otal. Ya ce an sha kiran sa rumfar giyar, ta fi samu, bai je ba. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa, yana kallona. Ya tambayi matata Zulai, ya tambayi yara, ya tambayi maƙwabta har da waɗanda suka mutu. Inna ce kawai bai ambata ba.

Na ciro ƙunshin na ce, daga Inna. Ya goge hannu a gaban rigarsa ya buɗe gefe ɗaya. Tsohuwar ta leƙo ta shafa yadin tana yabo, ya ce wai tana tambaya ko na tebur ne. Shi ya san ko na mene ne. Ɗan Makka ba ya ɓata likkafani.

"Ta ce wani abu?"

Maganar tana bakina, sau biyu aka sa na maimaita ta. Amma in na faɗe ta, zai tambayi yadda uwar da ta yafe shi ta yanka masa tufa daga nata. Na ce, "Ta ce in ba ka."

Ya gyaɗa kai, ya naɗe, ya tura ƙarƙashin teburin rumfar. Wasu 'yan Italiya suka zo, ya juya yana yi musu murmushi.

Muna kan gada Ammu ya sa hannu ya danne birki. Ya ce shi ya binne uwa da uba da mata, bai taɓa jin an aika wa mai rai likkafani ba magana ba. Ya ce yaron nan ya ɗauka an binne shi ne. "Me ka cinye a hanya, ya Ishak?" Na ce sanyi zai kama shi. Ya ce wannan kuma matsalarsa ce. Mun fi minti goma a kan gadar, sannan na faɗa masa duka. Bai zage ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya saki birkin kawai.

Juma'a

An yi wa Ammu allura a ƙugu, aka kwantar da shi. Majid ya ce in je in yi Juma'a. Masallacin ɗaki ne a ƙasan wani gini, huɗubar da harshen da ban sani ba. Na hango Habibu a sahu na biyu. Bayan sallama na bi shi har rumfa, tafiyar minti ashirin.

Biyu da rabi kasuwa ba ta cika ba. Yana hura garwashi na tsaya bayansa na faɗi saƙon Inna yadda ta faɗa, ban rage harafi ba. Sannan na ce Inna ba ta taɓa ganin hoton ba. Ni na ƙirƙira. Ita tana can ta ɗauka wayarsa ce ta lalace shekara huɗu.

Bai juyo ba. Maroni suka fara ƙonewa, tsohuwar ta zo ta ture shi gefe ta kwashe. Ya tambaye ni me ya yi mini. Na ce bai yi komai ba, tafiya ya yi, ni na zauna, kuma shi ake yabo. Da na ji maganar ta fito daga bakina sai na ji ƙanƙantarta.

"Yaya, ni ban tafi ba. Ɗauka ta aka yi." Ya ƙara da cewa, "Na yi azumi huɗu ina roƙon Allah Ya sa ta huce kafin ta mutu."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ba yau ba. Ya miƙo hannu, na ɗauka musafaha ce, ashe waya yake nufi. Na kira Zulai na ce ta kai wa Inna. Na ji muryar Inna tana cewa, "Wa? Wa?" Ya karɓi wayar ya shige bayan rumfa ya tsugunna tsakanin buhuna. Ni na tsaya gaban ganga da ludayi minti arba'in, tsohuwar tana karɓar kuɗi, ina ƙona mata kaya.

Kwana shida muka ƙara. Kowace yamma na kai Ammu rumfar. Habibu yakan yi hira da shi, ni ya ce mini sannu. Ranar ƙarshe ya ba ni safar ulu da bargo in kai wa Inna, ya ba ni safar hannu ya ce don ƙarfen keke. Maganar yafiya bai tayar ba, ni ma ban tayar ba.

Komawa gida

Alhamis bakwai na safe Baturken ya zo. Munik, Istanbul, Jidda, ba wanda ya buɗe jakata. Muka kwana gidan 'yar Ammu a Jidda don ya gaji, Juma'a tara da rabi na hantsi na shiga Misfala.

Inna tana tsakar gida tana tsinke zogale da lalube. Ta shafa bargon, ta tambaya ko ya rame, ko yana da mai dafa masa. Na zauna ƙasa na fara, "Inna, akwai abin da..." Ta ce ta sani. Habibu bai faɗa mata ba, ya rufa mini. Ta ce ido ne ya mutu, kunne yana nan, tun shekarar farko ta ji yadda nake cewa lamba ba ta shiga. Ta jira in gaji da kaina, ban gaji ba, shi ya sa ta aike ni.

"Gobe ka je Kudai ka sayo mini waya mai manyan lambobi," in ji ta. "Tawa. Zulai za ta koya mini."

Na saya, tana ƙarƙashin matashinta. In ta yi ƙara ranar Juma'a, fita nake yi in ba su wuri. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Majid da wahalar takardu, da Zulai da ta riƙe gida, da Ammu Bakur, Allah Ya ba ƙugunsa lafiya. Habibu kuma har yau bai ce ya yafe ba, ina jira.